Koren Tabo a Idon Yaya Dakta

Yaya Dakta bai taɓa shiga makarantar likita ba. Ya dai taɓa tsaron kemis na ɗan lokaci, sunan ya maƙale masa, shi kuma bai ga dalilin cire shi ba.

Ranar da kwatar banɗaki ta toshe, ya ce ba a kiran mai gyara a gidan da ke da ɗan kimiyya. Ya ɗauko robar sodar haɗa sabulu ya zazzaga a ramin, ya leƙa ya ga yadda aiki ke tafiya. Aikin kuwa ya taso ya same shi a idon dama.

Auta, ƙanwarsa, ta damƙo wuyan rigarsa ta danna kansa ƙarƙashin famfo.

"Dakata," ya ce yana shaƙewa, "bari in karanta jikin robar."

"Da wane idon, Yaya?"

Ba ta sake shi ba sai da mai motar da zai kai su asibiti ya iso.

A asibiti likita ta ɗiga masa wani ruwa, ta haska shuɗiyar fitila. Auta ta ga tsakiyar baƙin idon ta yi kore shar. Likita ta ce wurin ne fatar nan mai kama da gilashi ta saɓule. Sabuwa kuma daga gefe take tsirowa, inda baƙi ya haɗu da fari, ta rarrafo zuwa tsakiya. In gefen ya rayu, zai gani. In ya ƙone, idon ya yi fari ke nan. Ta rufe masa idon da bandeji.

"Abin da na zata ke nan, abokiyar aiki," in ji Yaya Dakta. Hannun Auta dai ya riƙe gam, bai kuma saki ba har gida.

Masu dubiya suka yi ta zuwa. Ya gaya musu a ɗakin gwaji abin ya faru. Auta, tana ɗiga masa magani, ta ce haka ne, ɗakin ma har buta gare shi.

Duk komawa sai koren ya ragu, daga girman maɓalli ya koma ƙwayar shinkafa. Ranar da likita ta haska ba ta ga komai ba, ta rufe masa na hagu ta nuna allon haruffa. Ya ƙura wa allon ido. Can ya karanto haruffan har ƙasa.

"Ka warke," in ji likita. "Jefar da bandejin."

Ya ninke shi ya sa a aljihu.

"Akwai waɗanda ba su zo dubiya ba tukuna," ya ce wa Auta.