Abin da ke Bayan Jakar Yaya

Auta na cin abincin rana a teburinta na ofis, sai Dogo, abokin aikinta mai tsara shafuka, ya yafito ta.

"Wannan ba jakar yayarki ba ce?"

Ita ce, ta jar fata mai doguwar igiya, cikin waɗanda Yaya ke ɗinkawa. Auta ce ta gina mata shafin tallarsu a intanet, ita ce kuma ta rubuta umarnin kwamfutar da ke cire bayan kowane hoto, ya bar jakar tsurarta kamar an ɗora ta a kan gilashi. Ba don ado aka yi haka ba. Bara Yaya ta ba da shaida a kotu a kan mutumin da ya daɓa wa maƙwabcinta wuƙa, 'yan'uwansa suka rantse sai sun ga bayanta. Ta sake unguwa, ta sake lambar waya. Auta kuwa ta ce mata, "Ɗauki hoto a ko'ina, Yaya, jaka kaɗai za a gani."

"Na sauke hoton ne in gwada launi," in ji Dogo, "sai na taɓa nan."

Ya ja wani ɗan maɓalli. A hankali wurin da babu komai ya fara cika. Ga ƙarafan baranda. Ga rigar makarantar 'yar Yaya a kan igiyar shanya, har da bajonta. Can ƙetaren titi, ga allon wani kemis, sunansa ɓaro-ɓaro.

"Umarninki bai share bayan ba. Cewa kawai ya yi kar a nuna shi. Komai na nan a ciki."

Auta ta bar teburin Dogo. Ta koma kwamfutarta don ta rufe shafin, garin sauri har ta yi ta kuskuren kalmar sirri. Da ta shiga ta duba masu ziyara, sai ta ga a makon jiya wani ya sauke hotunan kaf, bai sayi jaka ko ɗaya ba.

"Wataƙila ɗan kasuwa ne," in ji Dogo, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake kira a kan bene, ta sake a cikin tasi, tana roƙon direba ya taka.

Ƙofar gidan Yaya a buɗe take. Fanka na juyawa. Fata na maƙale a ƙarƙashin allurar keken ɗinki, ɗinkin bai kai ƙarshe ba, wayar Yaya kuma na jone da caji a ƙasa. Auta ta leƙa banɗaki, ta leƙa bayan labule, tana kiran "Yaya" da muryar da ita kanta ba ta ji sosai.

Ta tsallaka titi zuwa kemis ɗin ba ta ko duba mota ba.

"Baba, don Allah, mai ɗinkin jakar nan ta sama..."

Mai kemis ya ƙare mata kallo ta saman tabarau. "Ke wace ce?"

"Ƙanwarta ce ni."

"Kamar ta nuna." Ya rage murya. "Ɗazu wasu maza biyu suka tsaya nan suna tambayarta. Idonsu bai yi mini ba, na ce ta tashi tuntuni. Suna juya baya na hau na gaya mata. Ta bi ta ƙofar baya, ko takalmi ba ta tsaya nema ba."

Makarantar 'yar Yaya ce ta fara faɗo wa Auta a rai. Ta same su a ofishin shugabar makarantar, Yaya ta rungume 'yarta, ƙafarta duk ƙura. Auta ta durƙusa a gaban Yaya ta fara bayani, maganar na sarƙewa.

"Tashi," in ji Yaya. "Hotunan suna nan har yanzu?"

"Na rufe shafin."

"To. Kira 'yan sanda da wayarki, sannan ki kira Kawu ya kawo mota. Ba ma komawa gidan."

Yarinyar ta ɗago kai ta ce ta bar kwanon abincinta a aji. Babu wadda ta yarda ta bar ta ta fita, sai shugabar ce ta je ta ɗauko.