Babban Yatsan Mama

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kama Mama, fuskarta ta tsaya cak. Gefen bakinta na dama ya zazzago ƙasa ya zauna a can, magana kuma ta ɗauke. Masu zuwa dubiya sukan leƙa fuskar, su rasa abin da za su karanta, sai su juya su yi hira da junansu.

Auta ba ta rasa komai a fuskar nan ba, don dama ba ta taɓa dogara da ita ba. Tana da shekara bakwai likita ya ce tana da otizim, larurar da ke sa gane nufin mutane ya yi mata wuya. Mama ta sayo mata katuna masu zanen fuskoki, wannan murna, wannan fushi, wannan tsoro. Ta haddace su tsaf cikin kwana biyu, amma mutane suka ƙi yin kama da katunan. Mai jin daɗi da mai shirin yi mata dariya, duk haƙora suke nunawa. Sai ta sauke idonta ƙasa, ta koma kan kafaɗu da hannaye da ƙafafu. Su ba sa saurin sauyawa, kuma ba wanda ke tsaronsu.

Yanzu shekarunta talatin da ɗaya, tana aiki a shagon ɗinki. Ita ke yanka yadi, wata ce ke awo, saboda Auta ba ta iya taɓa jikin mutane. Ɗumin fatar wani a tafin hannunta yakan sa ta ji kamar ana zuba mata yashi a wuya.

Ranar Asabar da hantsi aka yi zaman. Yaya, babban wansu, ya taso daga garin da yake aiki, tafiyar awa biyar. Yayarta mace, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ta cinye hutunta duka a jinya, jibi za ta koma makaranta. Suka zauna a falo, Mama na kan keken guragu kusa da taga, Auta kuma a ƙasa, bayanta jingine da bango.

Yaya ya durƙusa a gaban keken. "Mama, mun yanke shawara. Gidana za ki koma. Akwai ɗaki a ƙasa, ba hawa bene, asibiti kuma yana kusa. Kin yarda, ko?"

Mama ta ƙifta ido.

"Alhamdu lillahi," in ji Malama. "Ta yarda."

"Ba ta yarda ba," in ji Auta.

Suka juyo. Ita ba su take kallo ba, hannun Mama na hagu take kallo, wanda yake da lafiya.

"Ta cusa babban yatsanta cikin sauran, ta dunƙule. Haka ta yi ranar da Baba ya ce za a sayar da tsohuwar motarmu. Haka ta yi da shugaban makaranta ya ce a cire ni daga aji. In ta yarda da abu, shafa gwiwarta take yi sau biyu. Ido kuwa, kowa yana ƙiftawa."

Yaya ya yi 'yar dariya. "Auta, ke da har yau ba ki gane in ana miki wasa, ke ce za ki fassara mana Mama?"

"Ban san wasa ba. Na san hannunta."

Malama ta ce, "Ciwon ne ke sa hannu dunƙulewa, Auta."

"Wancan hannun ne mai ciwo."

Yaya ya miƙe, ya tsaya a bakin taga yana murza bayan wuyansa. Auta ta bi hannun da ido.

"Kai ma ka sani," ta ce. "Tun kafin ka tambaye ta ka sani. In ka san amsa kana tambaya, wuyanka kake murzawa."

Ya sauke hannun a hankali. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na sani. Shekara arba'in tana cikin gidan nan, wa zai so ya fita? To amma ki gaya mini. Malama za ta tafi jibi. Wa zai ɗaga ta daga gado? Wa zai yi mata wanka, ya juya ta kada bayanta ya yi gyambo? Ke?"

Ba gatse yake yi ba. Tafukan hannunsa a buɗe suke, suna kallon sama. Tambaya ce ta gaske.

Auta ta tashi. Ta je gaban keken, ta sunkuya, ta zura hannayenta ƙarƙashin hammatar Mama kamar yadda ta ga Malama na yi. Ɗumin ya ratsa rigar ya iso fatarta. Ta ƙirga a zuci: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar hannayenta suka janye da kansu. Ta tsaya tana goge su a jikin siket ɗinta, tana gogewa, tana gogewa.

Malama ta shiga ɗaki ta fara naɗe kayan Mama.

Auta ta nemi abin da take ji a ranta, kamar yadda aka koya mata ta riƙa yi, ba ta sami komai ba. Ta shiga ta taya Malama. Ta jera magunguna bisa lokacin shan su, ta rubuta a takarda da manyan baƙaƙe, ta ƙara layi uku a ƙasa: yatsa a dunƙule, a'a. Shafa gwiwa sau biyu, e. Ɗaga kafaɗar hagu, akwai inda ke mata ciwo. Ta miƙa wa Yaya. Ya karanta, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun ƙirji.

Da rana ta take aka fito da Mama. Yaya ya ɗauke ta cak ya zaunar a kujerar gaba, ya ɗaura mata bel. Auta ta tsaya taku uku daga motar. Da injin ya tashi, Mama ta ɗago hannunta na hagu, ta kai shi daƙyar har gefen taga, ta ɗora yatsu biyu a jikin gilashin. Ta bar su a nan har motar ta sha kwana.

Auta ta ci gaba da tsayuwa tana kallon inda motar ta ɓace.

"Malama, mene ne wannan da ta yi?"

Malama ta share ido da gefen hannu. "Sallama take miki."

"A'a. Ba haka take sallama ba."

"To mene ne?"

"Ban sani ba," in ji Auta. "Ban taɓa ganin ta yi shi ba."