Zubi a Kan Tabarmar Makoki

"Ka daina kallona awa na riga na mutu," in ji Baba Tamu, yana ture kofin kunun da Waliyyu ya miƙo masa. "Kai, kwasar adashinka kaka tunani, ba ni ba."

Waliyyu ya sunkuyar da kai. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na tsohon a Sabon Garin Jega, kuma tsohon bai taɓa kuskure wajen karanta fuskarsa ba.

Shekarar da aka yanke sabuwar jiha daga Sakkwato ne Baba Tamu, tsohon dillalin albasa, ya tara samarin unguwa ya kafa musu adashi. Na wasu unguwanni duk sun watse, don wanda ya kwasa da wuri sai ya sulale zuwa Legas. Nasu ya tsaya, don babu saurayin da zai iya haɗa ido da tsohon ranar Juma'a, ranar zubi, hannu wofi. Yanzu kowa ya kwasa, saura Waliyyu. Da kuɗin zai sayi injin ban-ruwa ya noma albasa a fadamar Kashin Zama, kuma sai ya ga albasar nan a buhu mahaifin Raihanatu zai saurari zancen aure. Raihanatu kuwa, ko sunanta aka ambata sai ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi kamar randa.

"Baba, in ba ku, wa za su ji ma kunya?"

"Su ji ta junansu mana. Ni dawwama zan yi? Tahi ka kira min Hindu ta gyara min matashi."

Ranar Alhamis da hantsi tsohon ya cika, yana tsakiyar yi wa matarsa Hindu tsiya a kan gishirin miya. Da yake bai bar ɗa namiji ba, Waliyyu aka zaunar a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Ya yi kukan tsohon da gaske. A can ƙasan kukan kuma akwai wani ƙaramin kuka da yake jin kunyarsa, na inji da na Raihanatu.

Washegari bayan an sauko Juma'a samarin suka zo: Almu mahauci, Jibrilla ɗan kabu-kabu, da sauransu. Kowa ya yi addu'a, ya tura kuɗi ƙarƙashin gefen tabarma kamar yadda masu gaisuwa ke yi, ya tashi ba magana. Waliyyu ya tattara, ya yi sallama cikin gida, ya durƙusa gaban Inna Hindu.

"Inna, ga sadakar gaisuwa daga 'yan adashi. Allah shi jiƙan Baba."

Ta ɗaga kuɗin, ta juya su, ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa cikin mayafin takaba. Matan da ke zaune suka zaci kuka ne, har suka fara ba ta haƙuri.

"Ɗan nan, yau wace rana ta?"

"Juma'a, Inna."

"To wane mahauci ka taɓa gani ya yi sadaka mai nauyin wagga? Zubin adashinka na, sakarai. Ba su iske mai amsa ba, sunka aje ma mai shi."

Waliyyu ya fito zaure da kuɗin a hannu. Ashe ba su tafi ba, suna jingine da bango suna danne dariya.

"Mun ji har ka kai ma Inna sadakin Raihanatu," in ji Almu. "Ita za ka aura?"

"Wa ka riƙe adashin yanzu?" Waliyyu ya tambaya.

"Wanda yak kwasa ƙarshe," in ji Jibrilla. "Kai ba ka da wurin gudu, surukanka na nan."

Ya koma ya zauna kan tabarma. Suka matso ɗaya bayan ɗaya suka zauna gefensa, kafaɗa da kafaɗa, har inuwar la'asar ta tsallako kwata ta rufe ƙafafunsu.