Rabon Hanya na Maman Lawali

"Ku ɗaga ta wajen kai, kada ya zame," in ji Tsahara, tana biye da mu riƙe da takalman mijinta.

Ni da maƙwabta muka tallabi katifar, mijin nata, Maman Lawali, na kwance a kai, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa na fita da ƙyar. Motar da za ta kai shi asibiti ta tsaya can bakin babban titi, don tun farkon rani aka tone layinmu na Sabon Gari za a zuba kwalta. Rami ne dogo ya bi ƙofar gidaje, kowa ya gitta katako a tasa ƙofar. Muna kan katakon ya buɗe ido.

"Zakari, sun hwara zuba tsakuwa?"

"Tukuna, Malam. Ka bari mu fita da kai."

"Za su zuba," ya ce, ya lumshe ido.

Katangarmu ɗaya da shi tun ina sabon aure. Direba ne, yana jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Tsibiri a wata tsohuwar mota fara. A tasha an san shi da abu guda: bai taɓa shan ruwa-ruwa ba, wato man da ake shigowa da shi ta bayan fage a sayar a kwalabe bakin titi. Ko a shekarun da na kwalba ya fi araha nesa ba kusa ba, sai ya je gidan mai ya bi layi. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum. Ya ce cikin kowace lita ta gidan mai akwai ɗan abin da gwamnati ke cirewa ta zuba asusun gyaran hanya, shi ne rabon hanya, wanda ya sha na kwalba kuwa ya hau titi ya ci hanya bai ba ta komi ba. Duk da haka layin ƙofar gidansa yashi ne, da damina kuma taɓo, har sai bana.

Bai daɗe a asibiti ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, ya ba da magani, ya ce a koma da shi gida. Ɗiyarsa Fadila, da ke aure a Tsibiri, ta durƙusa bakin gadon.

"Baba, mu tahi wajena. Can mota na zuwa har ƙohwa. Nan in abin ya taso, kahin a ƙetare ramin ga hwa?"

"Ku maida ni gidana."

"Baba, ƙura ce da ƙara tun sahe."

"Na sani. Ita nike son gani."

Tsahara ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta, ta tattara kwanuka. Muka sake ƙetare katakon da shi.

Daga nan kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa a zaure, a jingina shi da matashi yana kallon aiki. An gina magudanar ruwa, an rufe ramin, manyan motoci suna juye jan burji. In katafila ta wuce, bangon zauren har rawa yake yi. Tsahara takan rufe masa hanci da gefen mayafinta, shi kuma ya ture.

Wata ranar kasuwa Maidawa ya zo daga Jiratawa da kwandon tumatir. Manomi ne, abokin Maman Lawali tun suna samari. Maidawa ba ya salla, yana nan kan al'adar kakanninsa, kuma hakan bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Abin da suke musu a kai shi ne mai. Ya zauna ya dubi ƙafafun abokinsa, ya kau da kai, ya dubi titi.

"To, ga rabonka nan ya iso, Lawali."

"Da kuɗina a ciki."

"Da nawa ma. Injin ban-ruwana bai taɓa taka titi ba, yana nan bakin rijiya, amma in na sayi mai sai an cire mini na hanya. Wannan mi ne?"

"Tumatir ɗinka tashi yake yi sama ya sauka kasuwa?"

"Amalanke ke kawo shi. Sa ba ya shan mai."

Maman Lawali ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Maidawa ya riƙe masa kafaɗa har ya lafa. Bayan haka suka zauna suna kallon wani mai aiki yana auna gefen titi da igiya.

Ran Alhamis bayan azahar Tsahara ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Na same shi a zaure, kansa a cinyarta, idonsa a buɗe. Na yi masa kalmar shahada a kunne, leɓensa ya motsa, daga nan shiru. Tsahara ta shafa fuskarsa ta rufe idon.

"Ya gama, Zakari," ta ce. "Kira mini Fadila."

Ba a kai ga zuba kwalta ba. An dai baje burji daga wannan kai zuwa wancan, an jiƙa shi, motar daɓe na kai da kawowa a kansa. Direbobin tasha sun zo da yawa, har da waɗanda suka fi yi masa dariya. Da aka yi sahu a ƙofar gida, Maidawa ya koma gefe ya tsuguna gindin darbejiya, ya cire hularsa, har aka sallame. Amma da aka ɗaga makara shi ya riga kowa sa kafaɗa.

Shugaban masu aikin ya ɗaga hannu, aka kashe injuna duka. Ba wata hanyar fita sai ta kan sabon burjin, muka bi ta kai, ƙafafunmu na nutsewa. Wasu daga cikin leburorin suka ajiye shebur suka bi mu.

Rana ta yi sanyi muka dawo daga maƙabarta. Titin na nan yadda muka bar shi, sawun takalma da na ƙafa sun cika shi tun daga ƙofar gidan har bakin babban titi. Mai motar daɓe na zaune a kujerarsa, ya harɗe hannu kan sitiyari. Ya jira har mutum na ƙarshe ya cire takalmi ya hau tabarma, sannan ya tada inji, ya fara daga can ƙarshen layi, a hankali.