Fasasshiyar Randar Maraya

A shekarun da yaƙi ya watsa ƙauyukan bakin Gulbin Maraɗi, mutane da yawa suka yi arewa neman inda za su yi barci har da minshari. Cikinsu akwai wata mata, Maraya, da mijinta, da ɗansu na fari Sallau, lokacin yana goye. Suka yada zango kusa da Ɗan Gulbi da niyyar kwana biyu, in ƙura ta lafa su koma. Kwana biyun nan ne har mijin ya riga mu gidan gaskiya, Sallau ya yi furfura a gemu, ita kuma Maraya ta zama tsohuwar da kowa ke tsokana.

Abin tsokanar yana bayan bukkarta. Maraya ba ta san zubarwa ba. Ƙwarya ta fashe, ta ɗinke ta, in ta ƙi ɗinkuwa ta ajiye sakainar. Taɓarya ta tsage, ta jingine ta. Tsohuwar tabarma, ƙotar fartanya da gara ta ci rabinta, wasakin rijiya da ya fi rariya huji, duk suna nan jibge. Halimatu, matar Sallau, ta yi mita har ta gaji, ta ce wata rana kunamun gari kaf nan za su naɗa sarkinsu. Tsohuwa sai ta yi murmushi ta ce da tsohuwar zuma ake magani. Kada a ga laifinta da yawa. Wanda ya taɓa rasa gida da duk abin da ke ciki a safiya ɗaya, ko tsinke ya tsinta ba ya son sakinsa.

Amma a ƙarƙashin tarkacen nan akwai abin da ba tarkace ba. Wata babbar randa ce da uwarta ta gina mata da yumɓun gulbi. Ranar gudu jaki ya yi tuntuɓe da ita ta dare gida-gida, Maraya kuwa ta tsuguna da goyo a baya tana tsince manyan gutsattsarin, mutane na yi mata tsawa ta taho. Tun tana sa ran komawa gida har ta daina faɗa. Da ta ga shekaru sun ja, sai ta yanke wa kanta shawara: in ba ta koma ga ƙasar gulbi ba, ƙasar gulbi za ta kwanta a kanta. Ai da itace ko fasassun tukwane ake rufe ramin kabari kafin a tura ƙasa. To ita da randar uwarta take so a rufe ta, ba da itacen ƙaya na wannan rairayi ba.

In kewa ta taso mata, takan zaro gutsure ɗaya ta yayyafa masa ruwa ta kai hanci. Sai ƙamshin fadama ya taso, ta ga tsamiyar ƙofar gidansu, ta ji muryoyin mata suna wanki a bakin ruwa, mutanen da yanzu babu ko ɗaya da ta san inda kabarinsa yake. Tana son garin nan nasu na bakin gulbi, son da tsufa bai rage komai a cikinsa ba.

Abin da ya rage shi ne a gaya wa wanda zai yi rufin, nan kuwa gizo ke saƙar. Sallau ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda yake zaune, in kuma magana ta kama sai ta ce da Halimatu ta gaya wa "wancan". Alkunyarta har misali ake yi da ita a ƙauyen, ita ma tana ji da ita fiye da yadda za ta yarda. Sau ɗaya ta gwada buɗe wa Halimatu cikinta, tana fara cewa ran da ta mutu, sai surukar ta tare ta da cewa Allah ya ja da rai, a bar wannan zance. Tsohuwa ta haɗiye sauran, ta ce ai da sauran lokaci.

Sai ga shi gona ta gaji, rijiyar ƙauye kuma ta fara zubawa ciki. Sallau ya yanke shawarar su ƙara gaba, wajen rijiyoyin da ke yankin da ake kira Dakoro yanzu, inda ya ji akwai ƙasar noma mai kyau da ta huta da makiyaya masu sayen hatsi. Da labarin ya iso wa Maraya ta bakin Halimatu, bai yi mata daɗi ba. Duk tsawon zamanta, a ranta in an sake ɗaura kaya kudu za a yi.

Kowa ya zaci za a sha daga da ita kan tarkacenta, amma ba haka aka yi ba. Ta buɗe wurin ta ce mai so ya ɗauka. Abin dariya, waɗanda suka fi kowa yi mata ba'a su suka riga kowa zuwa. Wannan ta ɗauki sakaina don kwasar wuta, wancan ya ce ƙotar nan in an fere ta za ta yi wa ɗansa. Kafin la'asar wurin ya zama fili. Ita kuwa ta naɗe gutsattsarin randarta cikin tsummoki, ta zuba a wani tsohon taiki na fata, ta sa aka jawo mata shi cikin kayan tafiya.

Da safe Jimrau, Bafillacen da ya ba su aron takarkarinsa, ya zo ɗaurin kaya. Ya ɗaga taikin, ya dire, ya ce sansa ba raƙumi ba ne, in aka ɗora wannan kan irin gero da turmi, gurfanewa zai yi kafin hantsi. Sallau ya kwance bakin taikin ya leƙa. Ya yi ɗan murmushi, ba na raini ba, ya ja shi ya jingine da gindin dangar da suka cire. Ya ce da Halimatu ta gaya wa Inna can ma akwai magina, zai saya mata sabuwar randa. Maraya, tana tsaye ba nisa tana kallon gefe, ta ce a gaya wa wancan a ɗauka. Ya ce a gaya mata ko iri ko tsingaro, ɗaya za a bari. Ta ce a gaya masa dai a ɗauka. Halimatu ta kai ta kawo tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai, har ta ce ita fa bakinta ya gaji. Ba a fafe gora ranar tafiya, rana kuma tana ɗagawa. Sallau ya ɗauka rigimar tsufa ce, ya ce da Jimrau su kama hanya, Inna za ta biyo.

Takarkari ya motsa, jaki ya bi, maƙwabta suka taso rakiya. Maraya ta je ta kama bakin taikin da hannu biyu. Ko gezau bai yi ba. Ta sake gwadawa har numfashinta ya sarƙe. Ta ɗaga kai ta ga bayan ɗanta yana nisa, ta kuma san babu mai dawowa wannan kufai saboda fasasshiyar randa.

"Sallau."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Matan da ke rakiya suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya tsaya cik, bai juyo ba tukuna. Can sai ya amsa da wata ƙaramar murya da ba ta dace da mai furfura ba.

"Na'am, Inna."

"Randar uwata ce, yumɓun gulbi ne," in ji ta, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. "Ran da Allah ya yi kirana, da ita nike so ka ruhe ni. Ban da wani gida da ya wuce wanga."

Sallau ya dawo. Ya warware rawaninsa ya naɗe shi gammo, ya durƙusa, Jimrau ya taya shi ɗora taikin a ka. Da ya miƙe, Maraya ta hango ta ƙasan mayafi gemunsa ya jiƙe. Ba ta san ko maganar kabarin ce ba ko kuwa sunan, ba ta kuma da bakin tambaya.

Suka kama hanyar arewa, gulbi yana ƙara nisa a bayansu. Ta bi shi a baya, kunya da sanyin rai suna kokawa a ƙirjinta. Ayarin ya yi musu nisa, Halimatu na waiwaye tana yafuto su, amma Sallau bai ƙara sauri ba. Yana taka rairayin a hankali, kamar wanda ya ɗauko randa cike da ruwa.