Kwale-kwalen da Aka Kife a Tsakar Gida

Tun ranar da aka tsamo gawar Zubair daga dam ɗin Jibiya, kwale-kwalensa yake kife a tsakar gidan matarsa Barira. Masunta shida suka ɗauko shi suka ajiye a gindin darbejiya, domin abin da wata takardar yarjejeniya ta ce ke nan.

Jirgin ba na Zubair kaɗai ba ne, tare suka mallake shi da Lado, wani mutumin Nijar. Sun sha ganin yadda mutum ke tsallaka iyaka ya dawo ya tarar abokin tarayya ya sayar da jirgi, shi ya sa suka je gaban Mai Unguwa aka rubuta musu yarjejeniya. In jirgi ya fito daga ruwa, gidan Zubair zai zauna. Ba mai ɗaga shi, ba mai sayarwa, ba mai fasawa, sai ɓangarorin biyu sun dangwala yatsa a gaban shaidu. Ga shi Zubair ya rasu Lado yana Maraɗi, boda kuma a rufe.

Barira ba ta kula jirgin ba sai wata hantsi da ta nemi 'yarta Mutmainna, mai shekara huɗu, ta rasa. Can ta jiyo muryarta a ƙarƙashin katakon, tana magana tana yin shiru, kamar mai jiran amsa.

"Ke da wa kike hira?"

"Ni da Baba. Ya ce sanyi yake ji."

Barira ta jawo ta, ta tofa mata addu'a, ta toshe gefen jirgin da bulo. Washegari yarinyar ta manna kunne a jikin katakon, hira ta ci gaba. A rana ta biyar maƙwabciyarta Na'ima mai fura ta shigo riƙe da hannun yarinyar.

"Barira, kin san inda na tsinci ɗiyarki? Hanyar dam! Ba ko takalmi. Wai babanta na kiranta."

Ko girki ba ta sauke ba ta zari hijabi, ta goya yarinyar duk girmanta, sai ƙofar Mai Unguwa. Ta durƙusa daga gefe.

"Baba, a taimake ni a fitar min da jirgin nan. Na kira Malam Lado a waya, ya ce ya yarda."

"Ɗiyata, waya ba ta dangwala yatsa," in ji tsohon, yana shafa takardar. "Ni na rubuta, ni na rantsar da su. Kuma kason Zubair yanzu akwai haƙƙin marainiya a ciki. Wa zai taɓa?"

"Marainiyar nake son in tsirar, Baba."

"Ki yi haƙuri a buɗe boda."

"Yaushe?"

Ya kawar da kai.

Da ta dawo ta ɗauki gatari ta tsaya a kan jirgin. Ta ga gurbin da Zubair ya liƙe da kwalta, har shatin babban yatsansa yana nan. Ta tuna ya dafa Alƙur'ani a kan takardar nan, ta ji tsoron ta ɗora masa nauyi a kabari. Ta jingine gatarin.

Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayansu a zani biyu. Gidan nan Zubair ya gina shi da hannunsa, ba ta taɓa zaton za ta bar shi ba, amma ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta miƙa wa Na'ima makulli.

"In Malam Lado ya iso, ga jirginsa, ba wanda ya taɓa. Ni na tafi Bugaje wajen Innata."

Ta tari ɗan acaɓa, ta sa Mutmainna a tsakiya ta rungume ta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Sai da suka fita gari, gonaki suka fara, ta ɗago kai.

"Umma, Baba ya ce ba zai iya binmu can ba."

Barira ta ƙara ƙanƙame ta, ta ce wa ɗan acaɓan, "Malam, ƙara wuta."