Ki Bar Ƙofarki a Buɗe

Ranar da aka kai ni jami'a a Ohio, yayata Lorna ta tokare ƙofar ɗakina da takalmi.

"Makon farko kada ki rufe ta, ƙanwata. Haka kowa ke samun abokai. Wadda ta rufe ƙofa, ita kaɗai take cin abinci har ta gama."

Na bi maganarta. Kafin wata ya ƙare, ɗakina ya zama dandalin benenmu. Colby mai buga ƙwallo ya mai da gadona nasa. Priyanka ta kawo tukunyar shinkafarta ta lantarki ta ajiye a kan teburina. Ni kuwa jarrabawar kimiyya na jirana ranar Juma'a, in na faɗi an cire ni daga layin karatun jinya. Na gudu laburare, suka bi ni har can da fiza, gurasar nan ta Turawa.

"Jama'a, karatu zan yi," na ce ranar Laraba a ɗakina.

"Yi mana, Likita, wa ya riƙe miki ido?" in ji Colby, ya ƙara sautin talabijin.

Ranar Alhamis da rana suka tafi ɗakin cin abinci. Na ce cikina ke ciwo. Suna sauka na ja ƙofa, na murza makulli, na kashe waya.

Ban gama shafi biyu ba aka ƙwanƙwasa.

"Marisol! Ke 'yar gari, buɗe!" in ji Colby.

Na yi tsit.

"Ba ta nan," in ji Priyanka. "Mu jira ta."

Suka zube a bakin ƙofar. Ina jin ƙarar ledar soyayyen dankali, ina ganin inuwar ƙafafunsu ta ƙasa. Ko shafi sai in juya shi a hankali kamar ɓarauniya. Karatun dai ya fara shiga, karo na farko tun zuwana.

Sai fitsari ya kama ni. Banɗakin benen yana can ƙarshen baranda, bayansu.

Na matse. Na zauna, na tashi, na ciji hannun riga. Colby ya fara labarin kocinsa, wanda na san ba ya ƙarewa.

Na buɗe ƙofar.

"Kai! Ashe kina ciki?" Colby ya miƙe zai shige.

Na tare shi da kafaɗa, na kulle, na jefa makullin a aljihu.

"Ɗakin nan a rufe yake sai na gama jarrabawa."

"To mu ina za mu?"

"Kana da ɗaki, Colby. Je ka gaishe shi, ya yi kewarka."

Ba wanda ya yi dariya. Na tsallake ƙafafunsu a guje.

Da na dawo babu kowa a barandar, sai ledoji. Na shiga, na kulle, na zauna a kan gadona, na ɗauki littafi.